Bayan tiyatar rage ƙiba, kada a yi gaggawar ajiye na'urar numfashi

A hutun bara wani ɗan baffana da ke aikin tuƙi a Faransa ya zo gida Maraɗi, sai da muka sake kallonsa kafin mu gane shi. An yi masa tiyatar rage ƙiba, ya zubar da kilo sama da 30. Da na tambaye shi ina na'urar da yake kwana da ita a hanci, sai ya yi dariya ya ce ta zama tarihi, tana can cikin kabad. Matarsa ma ta ba da shaida cewa minshari ya ƙare. Kwana huɗu bayan haka muka kama hanyar Damagaram, shi ke tuƙi. Mun wuce Tasawa kaɗan na ga kansa ya sunkuya, motar ta fara cin gefen titi. Tsawar da na daka masa ce ta farkar da shi. Da ya koma Faransa aka sake yi masa gwajin barci, aka tarar ciwon ya ragu sosai, amma yana nan.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Tiyatar rage ƙiba tana sassauta ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci, tana ma warkar da wasu. To amma mutum ba ya sallamar kansa. Gwaji ne kaɗai zai nuna ko lokacin ajiye na'ura ya yi.

Ga wanda bai san ciwon ba, ga yadda yake. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da harshe suna saki. A wajen wasu, sakin yana toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na sakan 10 ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta zaburar da shi ya ja numfashi, ya koma barci ba tare da ya san an yi ba. Likitoci suna ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa ɗaya: 5 zuwa 14 ƙaramin ciwo ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Mai wannan ciwo yana tashi da gajiya da ciwon kai, ya yini yana gyangyaɗi, kuma ciwon yana da alaƙa da hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wani bincike da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya. Mu kuwa a nan mun mayar da minshari abin tsokanar kakanni, mun kuma ɗauki tumbi shaidar samun wuri.

Na'urar da ake kira CPAP, ko PPC a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, wani likita ɗan Ostireliya mai suna Colin Sullivan ne ya fito da ita a 1981. Aikinta shi ne hura iska ta cikin takunkumi don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Ba ta cire ciwon. Daren da aka kwana babu ita, toshewar tana dawowa.

Babu shakka ƙiba ce kan gaba wajen jawo wannan ciwo. Kitse yana taruwa a wuya da cikin harshe, teɓa kuma tana danne huhu. Binciken da aka yi a jihar Wisconsin ta Amurka, wanda aka buga a 2000, ya nuna cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana ƙara yawan ɗaukewar numfashi da kusan kashi 32, raguwar kashi 10 kuma tana rage shi da kusan kashi 26. Saboda haka duk mai tunanin tiyata za ta taimaka, yana da gaskiya.

Sai dai a duba iyakar taimakon. A 2009 wasu masana a Amurka sun haɗa sakamakon bincike 12 da suka shafi mutum 342 da aka yi wa tiyatar. Matsakaicin ɗaukewar numfashinsu ya sauko daga kusan 55 a awa zuwa kusan 16. Wannan babbar nasara ce, amma 16 har yanzu matsakaicin ciwo ne. A 2012 kuma, a Ostireliya, an raba mutum 60 gida biyu: rabi aka ɗaure musu tumbi da zobe, rabi suka bi tsarin abinci da motsa jiki. Bayan shekara biyu, ƴan tiyata sun zubar da kusan kilo 28, sauran kusan kilo 5. Duk da wannan tazara, bambancin da aka samu a numfashinsu bai kai yadda masu binciken za su ce tiyata ta yi fintinkau ba.

Dalili shi ne ƙiba ba ita kaɗai ke toshe maƙogwaro ba. Akwai ƙirar muƙamuƙi, toshewar hanci da shekaru, kuma wuƙar likita a ciki ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Bayan haka, wasu suna sake yin ƙiba bayan ƴan shekaru, ciwon ya biyo ta. Daina minshari ma ba hujja ba ce, domin ƙarar tana iya raguwa alhali iskar ba ta wucewa yadda ya kamata.

Na san abin da masu na'urar za su ce, kuma ban raina shi ba. Kwana da takunkumi a zafin watan Afrilu ba wasa ba ne. Idan aka ɗauke wuta tsakar dare, na'urar ta tsaya sai ga mai batiri ko sola. Saurayi ko budurwa mai shirin aure ba ya son a gan shi da tiyo a fuska. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: idan jiki ya ragu, ƙarfin iskar da aka saita tun farko yana iya yin yawa, fuska ta rame takunkumi ya riƙa yoyo, ciki ya riƙa kumbura da iska. Mutum sai ya ɗauka jikinsa ne ya daina buƙatar na'urar, alhali saiti ne ke neman gyara. Maganin wannan komawa wajen likita ne a rage ƙarfin iskar, a canja takunkumi, ko a koma irin na'urar da ke daidaita kanta. Jefa ta cikin kabad saki reshe kama ganye ne.

Ina jan hankalin ƴan uwanmu mazauna waje musamman, waɗanda ke haɗa kuɗi su tura uwa ko yaya Tunusiya ko Turkiyya a yi musu tiyata cikin mako guda. Kafin ku biya, ku tambaya: za a yi gwajin barci kafin aiki? Wannan tambaya tana iya ceton rai, domin allurar barci da magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna ƙara danne numfashin mai wannan ciwo a kwanakin farko. Wanda yake da na'ura ya tafi da ita asibiti. Ku kuma tambaya: wa zai ci gaba da duba maras lafiya idan ya dawo Yamai ko Tawa? Duk dillalin da ya yi muku alƙawari a Facebook ko TikTok cewa daga tiyata an rabu da na'ura, ya faɗi abin da binciken likitoci bai faɗa ba.

Ga manyan asibitocinmu da ma'aikatar lafiya kuwa, lokaci ya yi da gwajin barci zai shiga sahun awon jini da na suga, musamman ga masu ƙiba da hawan jininsu ya ƙi jin magani, da direbobin manyan motoci masu kwana a hanya.

Ɗan baffana ya koma kwana da na'urarsa, an rage mata ƙarfi, likitansa ya ce za a sake gwaji idan nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya. Wataƙila ranar ajiye ta za ta zo. Kafin nan, duk wanda aka yi wa tiyata ya ci gaba da sa takunkuminsa har sai takardar gwaji ta sallame shi.