Jiki A Aji, Hankali A Kasuwa

Kowannenmu ya san wannan hali. Malam yana gaban allo yana bayani, mu kuwa mun zuba masa ido kamar masu saurare, alhali hankalinmu ya tsallake katangar makaranta tuntuni. Jiki yana aji, hankali yana kasuwa. Ran jarrabawa kuma sai abin ya juya, hankali yana son ya yi aiki, amma hannu yana rawa, gaba yana faɗuwa, abin da aka kwana ana haddacewa ya gudu. Mu a ganinmu wannan ba ƙaramar hasara ba ce, kuma akwai abin koyi a wurin mutanen Japan game da ita.

A can an yi wani mutum mai suna Nakamura Tempu, wanda aka haifa a Tokyo a 1876. Ya yi wa sojan ƙasarsa aikin leƙen asiri a yaƙin da Japan ta gwabza da Rasha a 1904 zuwa 1905. Bayan yaƙin sai tarin fuka ya kama shi, a zamanin da ba a gano maganinsa ba tukuna. Jarumin da bai ji tsoron harsashi ba sai ga shi tsoron mutuwa ya rufe shi. Ya tafi Amurka da Turai neman mafita, bai dace ba. A hanyarsa ta komawa gida a 1911 ya gamu da wani malamin yoga mai suna Kaliapa a Masar, ya bi shi zuwa gindin duwatsun Himalaya, inda ya yi fiye da shekara biyu yana koyon zama shiru da sarrafa numfashi. A 1919 ya bar harkokin kasuwancinsa ya fara koyar da abin da ya kira Shin Shin Toitsu, wato haɗa zuciya da jiki su zama abu guda. Ya rasu a 1968 yana da shekara 92.

Abin da ya burge mu shi ne sauƙin darussansa. Idan tsoro ko fushi ya taso, ya ce mutum ya saki kafaɗunsa, ya tara ƙarfinsa a mara, ƙasan cibiya, kafin ya yi magana ko ya motsa. A wani darasin kuma akan zauna a miƙe, a kaɗa ƙararrawa, a bi ƙararta da kunne har ta ɓace, sa'an nan a tsaya cikin shirun da ta bari. Ya kuma gargaɗi almajiransa kada su kwanta barci da baƙin tunani, domin abin da zuciya ta kwana da shi, da shi take tashi. Ɗaya daga cikin almajiran nan, Tohei Koichi, gwanin wasan kare kai na aikido, ya kafa tasa ƙungiyar a 1971, ya yaɗa koyarwar zuwa ƙasashe da dama.

To, wani zai ce, ashe wannan ba addinin wasu ba ne ake so a shigo mana da shi ta bayan gida? Tambayar tana kan hanya, ba kuwa za mu raina mai yin ta ba. Gaskiya ne yoga ta tsiro ne cikin addinan Indiya, kuma Nakamura yana da nasa ra'ayoyi game da rai da duniya waɗanda ba dole ne mu karɓa ba. Amma sakin kafaɗa da jan numfashi a hankali ba na wata al'umma ba ne ita kaɗai. Likitoci sun san cewa numfashi mai tsawo yana rage gudun bugun zuciya, ko wane ne mai yin sa. Mai hankali yakan tsince tsaba ya bar tsakuwa.

Akwai kuma gargaɗi, kuma da babbar murya muke yin sa. Mabiyan Nakamura suna cewa horon nan ne ya warkar da shi. Kada wannan ya ruɗi kowa. Ƙwayar cuta ce take kawo tarin fuka, kuma tun da aka gano maganin streptomycin a 1943 hanyar warkewa ta buɗe. Wanda tari ya ƙi sakinsa, asibiti zai nufa, ya sha magani har ya cika watannin da likita ya yanka masa. Zama shiru yana maganin firgita ne, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Saboda haka ga shawararmu, 'yan'uwa ɗalibai. Muna ware lokaci domin guje-guje da ƙwallo saboda jiki, muna ware lokaci domin karatu saboda ƙwaƙwalwa, amma ba mu ware ko minti ɗaya domin koya wa biyun tafiya tare ba. Kafin karatun dare, mu ajiye biro, mu miƙe baya, mu saki kafaɗu, mu bi numfashinmu na minti biyar. Hankali zai gudu, mu komo da shi ba tare da faɗa ba, ya sake gudu, mu sake komo da shi. Wannan komowar ita ce horon. Ranar farko zai zama kamar wasa, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya saba kiran hankalinsa a ɗakin karatu, ba zai rasa shi a ɗakin jarrabawa ba.