FILIN MATA: Makullin Rumbu A Hannun Wa Yake?

Mu nan Dawanau ba a cewa kome, manyan motoci sun cika hanyar Katsina, ana ta lodin riɗi da zoɓo da wake. Tun da aka kafa kasuwar nan a 1985 lissafi yake ƙaruwa a gidajenmu, har ga shi yau mace takan ajiye nata a kwamfutar cinya. 'Yan mata kuwa tilas ne su koye ta, gama tun 1985 ɗin nan zamani ya juya, kuma daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB duka.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan, wata maƙwabciyata ce ta shigo mini da sassafe hankali a tashe. Ita ce uwar adashin unguwarmu, sunan kowace mace da zubinta da ranar kwasarta duk suna cikin kwamfutarta. Ta hannu ta saya a birni. Mai sayarwa ya sa mata lambobi huɗu na shiga, ta yi shekara tana aiki da su. Ran nan da dare na'urar ta sabunta kanta. Gari na wayewa ta ƙi lambobin nan, ta ce sai ainihin kalmar sirri. Kalmar kuwa tana wurin mai sayarwa, wayarsa ba ta shiga. Ga ranar kwasa saura kwana biyar, mata biyu kowace na cewa ita ce a layi.

To, ku saurara in bayyana muku. Kwamfuta kamar gida take. Akwai mai riƙe da makullin rumbu, shi ake kira admin, watau mai iko. Shi ke sa sabon abu, shi ke cirewa, shi ke ba wani izini. Sauran kuwa a auna musu su dafa, amma ba su buɗe rumbu. Sau da yawa sabuntawa ba ita ke ƙwace makullin ba. Tona asiri take yi, ta nuna miki tun can ba a hannunki yake ba.

In abin nan ya same ki, farko kada ki yi gaggawa. Wani mai gyara zai ce miki a wanke ta kawai, watau a share kome a zuba sabo. Kada ki yarda tukuna. Abin da ke ciki yana nan, ƙofa ce kaɗai ta rufe. Wa ya taɓa ƙone rumbu don makulli ya ɓace? Ki sa mata caji, ki kashe ki kunna sau biyu ko uku, ki ba ta lokaci ta gama abin da ta fara. Sa'an nan ki duba irin ciwon, gama iri iri ne.

In kalmar sirri ta nema, ki tuna da yadda aka buɗe asusun. In da adireshin imel ne na Microsoft, daga wayarki ma kina iya sake sabuwar kalma, a aiko miki da lamba ta layin da aka yi rajista da shi. In kuwa asusun na cikin na'urar ne kaɗai, ki danna wurin sake kalma, ta yi miki tambayoyin da aka amsa ranar buɗewa.

In ta bar ki kin shiga, amma kin tarar da wuri wayam, ba takardunki ba hotunanki, kada gabanki ya faɗi. Ɗakin baƙi ta sauke ki. Haka ya sami mutane da yawa a duniya bayan sabuntawar watan Fabrairu 2020, kayansu kuwa suna nan cikin jakar da ake kira Users. Sai dai kada ki ajiye sabon aiki a ɗakin baƙin nan, don da kin fita za a share shi.

In kin tabbata sabuntawar ce ta kawo ɓarna, ana iya cire ta. Ki danne maɓallin Shift, ki taɓa Restart ba tare da kin saki ba. Shuɗin allo zai fito da hanyoyin gyara, a ciki akwai ta cire sabuntawa ta ƙarshe. In babbar sabuntawa ce, kwana 10 kaɗai gare ki na komawa baya, saboda haka kada ki yi ta jinkiri. Wani lokaci nan ma takan nemi kalmar mai iko.

Mafi wuya shi ne in ta nemi makullin BitLocker, lambobi 48. Wannan kulle ne da ke hana ɓarawo karanta kayanki. A watan Yuli 2024 kamfanin Microsoft da kansa ya sanar cewa wata sabuntawa ta sa waɗansu na'urori neman lambobin nan. Galibi suna ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara shirya na'urar. In sun ɓace, ko kamfanin ba ya iya ƙirƙiro miki su. Kun ga ke nan amfanin asusun ya zama naki, ba na wani ba.

Ku 'yan makaranta, in kwamfutar ta makaranta ce ko ta ofishin babanku, kada ku yi mata dabara, ku mayar wa masu ita su buɗe. Kada kuma ku sauko da manhajar da aka ce tana fasa kalmar sirri, sau da yawa ɓarawo ne cikin rigar mai taimako. In ya zama sai an je wurin mai gyara, ki tafi da ɗan'uwanki ko mijinki, ki zauna a yi a gabanki. Ki ce a fara kwafe miki kayanki tukuna. Hotunan gida sutura ne, ba a barinsu su kwana a shago.

Maƙwabciyata Allah ya taimake ta. Ƙanenta ya yi kwana uku yana cigiya har ya sami mai sayarwa, ya buɗe, ya mayar da ikon a sunanta. Aka yi kwasa lafiya. Amma kwana ukun nan ba ta yi barci ba, har an fara ƙananan maganganu a kanta, ita da ba ta ci kwabon kowa ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Ranar da kika sayi kwamfuta, kada ki bar shagon sai an buɗe asusun mai iko da sunanki da layin wayarki. Ki rubuta kalmar sirri da lambobin nan 48 a takarda, ki sa a ƙasan akwati inda kike ajiye awarwaronki. Ki buɗe asusun mai iko na biyu, ya zama makullin ajiya. Kowace Juma'a ki kwafe lissafinki a filashi, na adashi kuwa ki rubuta a littafi kuma, gama kuɗin mutane amana ne. Kada ki fara sabuntawa sai batir ya cika, kun san halin wutarmu. Kada kuma tsoro ya sa ki hana ta sabuntawa, don ita ke toshe kafar ɓarayi. Mai shirin sayen ta hannu ta sani, tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina yi wa Windows 10 sabuntawar da aka saba, sai ta tambaya ko na'urar za ta ɗauki Windows 11.

Yau kafin ki ɗora tukunyar dare, ki tambayi kanki, makullin rumbuna a hannun wa yake? Allah ya tsare mana amana. Sai mako mai zuwa.

Taku,
Uwargida