Zauren 'Yan Mata: "Ƙosai Ɗaya Ai Ba Zai Yi Komai Ba"

A wannan fitowa mun ɗan ajiye hirar soyayya, domin wani abu ya tsaya mini a rai.

Akwai ɗan maƙwabciyarmu, tun bai cika shekara biyu ba ƙafafunsa ke kumbura, ga gudawa ba ƙaƙƙautawa. Wasu suka ce tamowa ce, wasu suka ce kishiya ce ta yi masa sammu. Sai da aka kai babban asibiti, aka auna jini da bayan gida, aka zura 'yar na'ura aka leƙa hanjinsa, sannan aka gano cutar. Cuta ce da ba kasafai ake samunta ba, wadda wani likita ɗan Amurka, Waldmann, ya bayyana a 1961, har ake kiranta da sunansa.

Ga yadda abin yake. A jikin ƙaramin hanji akwai wasu siraran jijiyoyi, ba na jini ba, masu ɗaukar maiƙon abinci cikin wani ruwa fari kamar madara. A wurin irin waɗannan yara jijiyoyin sun buɗe fiye da kima, suna yoyo cikin hanji. Sai furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki su bi bayan gida su fice. Rashin furotin a jini shi ke kawo kumburin. Duk sanda yaro ya ci maiƙo, jijiyoyin su cika, yoyon ya ƙaru.

Don haka babban maganin a tukunya yake. Man gyaɗa, manja, man shanu, soye-soye, ƙosai, gwaiduwar ƙwai, duk a yi nesa da su, sai ɗan abin da likita ya ƙayyade, don jiki na bukatar kaɗan. A yawaita farin ƙwai, dafaffen wake, kifi marar mai, naman kaza da aka cire wa fata, da nonon da aka kaɗe aka kwashe masa mai. Akan ba su wani mai na musamman, MCT, wanda ke bin jini kai tsaye zuwa hanta, ba ya bin jijiyoyin nan. Ba a suya da shi, a abinci ake zubawa, kuma man kwakwa ba madadinsa ba ne. Sannan ana ƙara musu bitamin A, D, E da K, da kalsiyam saboda ƙashi.

Yaron nan ya murmure, har da gudu a tsakar gida. Sai aka kai shi wurin kakarsa hutu. Ita kuwa Hajiya ta ce, "Haba, jikana ya zauna yana kallon baki? Ƙosai ɗaya ai ba zai yi komai ba." Yau ƙosai, gobe shinkafa da manja. Ba a jima ba takalminsa ya daina shiga, aka sake kwantar da shi.

Ban ga laifin tausayinta ba, rashin sani ne. Wannan tsari ba na wata ɗaya ba ne, yawanci na tsawon rayuwa ne, in aka saki cutar ta dawo.

Ke 'yar uwa, sau da yawa ke ce mai girki da raino a gida. In akwai irin wannan yaro, a ware masa tukunyarsa, a riƙa cin nasa tare da shi wani lokaci don kada ya ji an ware shi. A yi wa manya bayani cikin ladabi, a sanar da malaman makaranta, kuma kada a fasa komawa asibiti ranar awo.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.