A ba manomi kujera a zauren binciken iri

Tun shekarar 1975 da aka kafa INRAN, cibiyar ƙasa ta binciken aikin gona, masananmu na Tarna da Kollo suke fafutukar samar da irin da zai jure ƙarancin ruwa. Hatsi HKP mai saurin nuna ya ceci gidaje da dama a shekarun da damina ta gajarta. A 2018 kuma aka fid da Chakti, hatsi mai yawan sinadarin ƙarfe, daga aikin cibiyar ICRISAT da ke Sadore. Wannan aiki abin yabo ne.

To, amma wa ke yanke shawarar abin da za a bincika? Sau da yawa manomi ba ya ganin sabon iri sai ranar da aka kawo masa shi cikin buhu. Masani yana auna nauyin abin da eka ta bayar. Manomi kuwa yana duban tsawon zangarniya, da karan da zai yi darni, ya kuma ciyar da bisashe da rani. Uwargida tana duban yadda hatsin ke surfuwa, da ɗanɗanon furarsa. Shi ya sa a jahar Maradi mutane da yawa ba su rabu da zango ba, duk da jinkirinsa. Suna da hujjarsu, kuma ya kamata a ji ta tun kafin a soma gwaji.

Maganar ta ƙara nauyi a 2019, lokacin da Nijeriya ta amince da wake SAMPEA 20-T, wanda aka sanya wa ƙwayar halitta ta daban don ya kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanso. Iri ba ya tsayawa a duwan. Abin da aka auna a kasuwar Jibiya yana iya shiga gonar Ɗan Isa kafin ruwan shuka, kuma mai shukawa yana da hakkin sanin abin da ke hannunsa. Nijar tana cikin yarjejeniyar Kartahena, wadda sashenta na 23 ya wajabta tuntuɓar jama'a kan irin wannan al'amari.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar gidan gona da ta ba ƙungiyoyin manoma, irin su FUMA Gaskiya da Mooriben, kujera mai ƙuri'a a kwamitocin da ke tsara bincike da amincewa da iri, tare da wakilcin mata. A fassara bayanin kowane iri cikin harsunanmu, a karanta shi a gidajen rediyon karkara. Waɗanda suka gama makarantar yaƙi da jahilci kuma, su ne suka cancanci riƙe littafin gonakin gwaji na garuruwansu, su rubuta ranar shuka, da yawan dami, da abin da dattawa da mata suka ce.