Darasin Kwamfuta A Makarantun Ghana: Malami Za A Fara Tanada Ko Na'ura?



Da yawa daga cikinmu ba mu manta da hoton nan da ya karaɗe duniya a watan Fabrairun 2018 ba. Wani malami mai suna Richard Appiah Akoto, a ƙaramar sakandaren Betenase da ke Sekyedumase a yankin Ashanti, ya ɗauki alli kala-kala ya zana fuskar manhajar Microsoft Word a kan allo, saboda makarantar ba ta da kwamfuta, ga shi kuma ɗalibansa za su amsa tambayoyin wannan darasi a jarrabawar BECE. Kamfanin Microsoft ya ɗauki nauyin tafiyarsa taron malamai a Singafo, masu hannu da shuni kuma suka aika wa makarantar da kwamfutoci. Makaranta ɗaya ta samu sauƙi. Sauran da ba a ɗauki hotonsu ba suna nan yadda suke.

Tun daga lokacin hukumomi sun yi abubuwa da dama. A 2019 aka fito da sabon tsarin karatu wanda ya sa darasin kimiyyar kwamfuta tun daga aji huɗu na firamare, kuma a 2024 rukunin farko na ɗaliban ƙaramar sakandare suka rubuta BECE bisa sabon tsarin. A 2021 aka ƙaddamar da shirin bai wa kowane malami kwamfutar tafi-da-gidanka, gwamnati ta biya kashi 70 cikin ɗari, malami ya biya 30. A watan Maris na 2024 aka fara shirin raba ƙananan kwamfutocin hannu miliyan 1.3 ga ɗaliban manyan sakandare. A watan Afrilun 2025 Shugaba John Mahama ya buɗe shirin horar da mutum miliyan ɗaya aikin rubuta manhaja.

Duk wannan abin yabo ne. Amma idan muka duba da kyau, za mu ga rabon na'urori ga ɗalibai ya faro ne daga sama, alhali jarrabawar da ke tantance wanda zai hau saman tana ƙasa. Yaron da bai taɓa riƙe kwamfuta ba zai zauna BECE ɗaya da ɗan makarantar kuɗi a Accra wanda ya tashi da ita a ɗakinsu, kuma sakamakon ne zai nuna babbar sakandaren da za a tura kowannensu. Shirin malaman ma bai tafi sumul ba: rashin isar kwamfutocin ga wasu malamai na cikin koke-koken da ƙungiyoyinsu suka shiga yajin aiki a kai a watan Maris na 2024.

A ganinmu tushen maganar shi ne malami. Sabon darasin ya wuce koyon buga wasiƙa. Ana son yaro ya iya warware matsala daki-daki, ya tsara umarni bi da bi yadda na'ura za ta aiwatar. Malamin da aka horar a tsohon tsari, ko wanda aka ɗora wa darasin don kawai babu wani, zai koma ga abin da ya fi sauƙi: ya rubuta ma'anoni a allo, yara su haddace. Su ci jarrabawa, amma hannunsu bai iya komai ba. Tun 2018 kwalejojin horar da malamai na gwamnati guda 46 suka koma ba da digiri na shekara huɗu. Sai dai wannan gyara sababbin malamai yake shafa. Waɗanda ke cikin aji yau suna buƙatar horo mai ɗorewa, wanda bitar kwana biyu ba za ta wadatar ba.

Malamin da ya ƙware yana iya koyar da kaso mai yawa na wannan ilimi ko babu lantarki. Zai iya jera yara bisa tsawo ya nuna musu yadda kwamfuta ke jera lambobi, ko ya sa su rubuta matakan wani aiki sannan su nemo inda kuskure ya shiga. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Kalmar algoridim da masana ke amfani da ita ta samo asali ne daga sunan Al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Duk da haka, ba a koyon iyo a tudu. Dole wata rana yaro ya zauna gaban na'urar.

Ina namu rabon aikin? Makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987, tsarin karatun gwamnati suke bi, jarrabawar kuma ɗaya ce. 'Ya'yanmu na zango, daga Nima zuwa Aboabo har Tamale, suna cikin wannan gasa ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Kwamitin masallaci zai iya haɗa makarantu uku ko huɗu na unguwa su mallaki ɗakin kwamfuta guda mai wutar sola, su riƙa shiga bi da bi. Kafin a sayi na'ura a fara sanin wanda zai koyar da wanda zai gyara, domin kwamfutar da aka kulle a ofishin shugaban makaranta ba ta amfani kowa ba. Mu kuma ƙarfafa wa matasanmu, maza da mata, su shiga kwalejojin malamai irin su Al-Faruq da ke Wenchi, su riƙe wannan fanni da muhimmanci.

Akwai kuma ɓangaren tarbiyya. Yaron da ke riƙe da waya yana buƙatar sanin cewa ba a faɗa wa kowa lambar sirrin asusun kuɗin waya, kuma ba a tura labari sai an bincika, kamar yadda Suratul Hujurat ta yi mana umarni. Wannan darasi iyaye da limamai ma suna da hannu a ciki.

Idan an kira taron iyaye da malamai na gaba, mu je da tambaya uku: wa ke koyar da darasin kwamfuta, wane horo ya samu, kuma sau nawa yaranmu ke taɓa na'urar a mako?

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya saka wa malamansu da alheri. Amin.