Kura Na Ce Da Kare Maye: Kan Korar Kaspersky Daga Amurka

Ranar 20 ga watan Yuni na 2024 Ma'aikatar Ciniki ta Amurka, ta bakin sakatariyarta ta wancan lokaci, Gina Raimondo, ta yi shelar haramta sayar da manhajar tsaron kwamfuta ta kamfanin Kaspersky na ƙasar Rasha a duk faɗin Amurka. Aka ba kamfanin wata guda ya tsayar da ciniki, aka kuma yanka masa ranar 29 ga Satumba ya daina aika wa tsofaffin abokan hulɗarsa saƙonnin sabuntawa. Washegari Baitulmalin ƙasar ya ƙaƙaba wa manyan jami'an kamfanin su 12 takunkumi. Dalilin da aka bayar shi ne tsoron kada gwamnatin Rasha ta yi amfani da manhajar wajen leƙen asiri.

Duk lokacin da irin wannan labari ya iso gare mu, sai ka ga 'yan bokonmu sun rabu gida biyu, wasu na tafa wa Amurka kamar su aka ceta, wasu na yi wa Rasha kukan zalunci kamar gonar ubansu aka ƙwace. To, 'yan'uwa ɗalibai, mu ba mu ga abin tafi ba, ba mu kuma ga abin kuka ba. Abin da muka gani shi ne manyan ɓarayi sun yi faɗa a tsakiyar kasuwa, suna tona wa juna asiri, mu kuwa da ya kamata mu kasa kunne mu ji yadda ake fasa gida, mun tsaya muna zaɓen gwani.

Sai mun fahimci aikin manhajar riga-kafi sa'an nan za mu gane nauyin maganar. Domin ta iya kama mugayen manhajoji, dole ne a ba ta iko a kan kwamfuta wanda ya fi na mai kwamfutar kansa a wasu wurare. Tana buɗe kowane fayil ta karanta, abin da ta yi shakka a kai tana iya aika shi zuwa rumbunan kamfaninta a duba, kuma a kullum, sau da yawa ma a yini guda, tana karɓar sababbin umarni daga can, ba tare da kowa ya tsaya ya bincika abin da ke ciki ba. Watau maigadi ke nan ka ɗauka, ka damƙa masa makullin kowane ɗaki har da na turaka, ka yarje masa ya buɗe akwatinka, ya ɗauki abin da ya ga dama ya kai wa ubangidansa da ke wani gari, sa'an nan kowace safiya ubangidan ya aiko masa da takarda a rufe. Idan ubangidan nan yana ƙarƙashin wani sarki da ke gaba da kai, ina amfanin rantsuwar da maigadin ya yi maka?

Rigimar ta faro tun 2017. A watan Satumba na shekarar aka umarci ma'aikatun gwamnatin tarayyar Amurka su cire Kaspersky daga kwamfutocinsu cikin kwana 90, a watan Disamba kuma aka mayar da abin doka. Jaridun ƙasar sun ba da labarin cewa wani ma'aikacin hukumar leƙen asiri ta NSA ya kwashi kayan aikin sirri ya kai gida, ya zuba su a kwamfutarsa mai ɗauke da Kaspersky, daga nan suka faɗa hannun Rasha. Kamfanin ya ce lalle manhajarsa ta ɗauko fayilolin a 2014, saboda kayan kutse ne kuma kama irinsu shi ne aikinta, amma da aka ga tambarin sirri a jikinsu sai shugaban kamfanin, Eugene Kaspersky, ya sa aka goge. Shi dai ma'aikacin an ɗaure shi shekara biyar da rabi a 2018. Wani abin ban dariya kuma, jaridar New York Times ta ce 'yan leƙen asirin Isra'ila ne suka tsegunta wa Amurka. Su kuwa yaya aka yi suka gani? Ai ta haura katangar kamfanin da suka yi da kansu.

Har yau ba a baje wa duniya shaidar da ta nuna kamfanin ya haɗa baki da gwamnatin Rasha ba. Ya musanta, ya kai ƙara kotun Amurka a kan haramcin farko ya sha kaye a 2018, ya mayar da sarrafa bayanan wasu abokan hulɗarsa zuwa birnin Zurich, ya buɗe cibiyoyin da za a zo a duba asalin rubutun manhajarsa. Duk wannan bai hana Jamus gargaɗin jama'arta a watan Maris na 2022 ba, bai hana Kanada cire shi daga wayoyin gwamnati a 2023 ba. Hujjar Amurka a 2024 ba ta dogara a kan kamun hannu dumu-dumu ba. Cewa ta yi kamfanin yana ƙarƙashin dokokin Rasha, kuma ranar da hukumomin can suka buƙaci ya miƙa, ba shi da ikon ƙi. Mu mun yarda da wannan hujja ɗari bisa ɗari. Rubutun da ka duba yau ba ya ba ka tabbaci a kan saƙon da za a aiko gobe da asuba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce hujjar ta tsaya a bakin iyakar Rasha.

Wa ya fi Amurka sanin abin da ake iya yi da maigadin aro? A watan Fabrairu na 2020 jaridar Washington Post da gidan talabijin na ZDF na Jamus suka fallasa tarihin kamfanin Crypto AG na ƙasar Suwizalan, wanda ya shekara da shekaru yana sayar wa ƙasashe fiye da 120 injunan ɓoye saƙo, waɗanda sojoji da jakadu ke aika asirinsu da su. Ƙasashen nan sun saya ne saboda an ce Suwizalan 'yar ba-ruwanmu ce. Ashe tun 1970 hukumar CIA ta Amurka da takwararta ta Jamus ta Yamma, BND, su ne suka saye kamfanin a ɓoye, suna raunana injunan yadda za su iya karanta saƙon duk wanda suke so. Jamusawa sun janye a farkon shekarun 1990, CIA kuwa ta ci gaba da riƙe shi har 2018. Iran ta saya, Libiya ta saya, Ajantina ta saya har aka riƙa karanta saƙonnin sojojinta lokacin yaƙinta da Ingila a 1982. A lura da kyau, ƙasashen nan da kuɗin talakawansu suka biya aka saurare su, ribar cinikin kuma 'yan leƙen asirin suka raba. Tarayyar Sobiyat da Sin, da yake sun san hali, ba su taɓa zama abokan cinikin kamfanin ba.

Sunan Nijeriya ya fito a cikin takardun, kuma ta hanyar da ba ta da daɗin ji. An ce ta sayi injunan masu yawa, aka shekara biyu masu sauraro ba su ji komai ba, har aka tura wakilin kamfanin ya je ya ga abin da ya faru, ya tarar da kayan jibge a sito ko buɗe kwalayensu ba a yi ba. Sakaci ne ya rufa mana asiri a wannan karon! Wannan ai ko maƙiyi ya ji sai ya rufe fuska.

Kada wani ya ce tsohon zance ne. Bayan tonon sililin Edward Snowden a 2013, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa NSA ta biya kamfanin tsaro na RSA dala miliyan 10 domin ya fifita wata dabarar ɓoye saƙo da masana suka daɗe suna zargin an bar mata ɓarauniyar hanya, ko da yake RSA ya musanta cewa da saninsa ya raunana kayansa. Masu kukan Rasha da Sin kuma su saurara. A watan Janairu na 2018 jaridar Le Monde ta Faransa ta ruwaito cewa daga hedkwatar Tarayyar Afirka a Addis Ababa, ginin da Sin ta yi mana kyautarsa aka buɗe a 2012, an shekara biyar ana kwashe bayanai da tsakar dare zuwa Shanghai. Sin ta musanta, shugabannin Tarayyar ma sun musanta, sai dai kowa ya san tabarmar kunya da abin da akan naɗe ta.

A dubi abin da su kansu manyan suke aikatawa, a bar abin da suke faɗa. Sin ta cire Symantec na Amurka da Kaspersky na Rasha, duka biyun, daga jerin kayan da gwamnatinta ke saye tun 2014. Shugaba Putin ya sa hannu a 2022 a kan umarnin da ya hana hukumomi da manyan kamfanonin Rasha amfani da kayan tsaron kwamfuta na ƙasashen da ba sa shiri da ita, daga farkon 2025. Kowannensu ya kori maigadin ɗan'uwansa daga gidansa, kowannensu kuma yana tallata mana nasa da sunan zumunci da taimakon raya ƙasa.

Har yadda Kaspersky ya fita daga Amurka ma ya gaskata masu zarginsa ta wata fuska. A watan Satumba na 2024 mutane da yawa a can suka wayi gari manhajar ta cire kanta daga kwamfutocinsu, wata mai suna UltraAV ta maye gurbinta. Kamfanin ya ce ya sanar da su tun da wuri. Ko da ya sanar, abin da ya bayyana shi ne daga nesa ana iya sauya maka maigadi kana barci. Wata biyu kafin nan, ranar 19 ga Yuli, saƙon sabuntawa guda ɗaya mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike na Amurka ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Wannan fa kuskure ne kurum, babu mai mugun nufi.

Saboda haka muke ƙalubalantar hukumomin ƙasashenmu. Ba mu ce a haramta Kaspersky don Amurka ta haramta ba, domin sauya maigadin Mosko da na Washington sauya ubangida ne kawai. Muna so duk hukumar da za ta sayi irin wannan manhaja ta faɗa wa majalisa a rubuce ƙasar da bayanan za su tafi da dokar da kamfanin yake ƙarƙashinta. Kwamfutocin da ke ɗauke da asirin soja da na jakadanci da na baitulmali a raba su da intanet ɗungurungum, kada a bar wani saƙo daga waje ya shige su sai ɗan ƙasa masani ya tantance shi. Wanda kuma ya ce ƙera irin wannan manhaja ya fi ƙarfinmu, ya je ya tambayi inda ESET ta fito. Daga Silobakiya take, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba, watau ba su kai na Jihar Kano ba, Bitdefender kuma daga Romaniya. Ɗaliban lissafi da na kimiyyar kwamfuta da jami'o'inmu ke yayewa kowace shekara su ne za a tara a ba wannan aiki, da kuɗin da ake biyan kamfanonin waje na sabunta lasisi duk shekara.