Jiya da Yau: Mudu, Ƙuri'a da Bagade

 Duk inda muka zauna, hirar ɗaya ce: zamani ya lalace. Amma zamani riga ne, mu ke ɗinka shi. Bari mu auna kanmu a wurare uku: kasuwa, siyasa da majami'a.

Ciniki ne ya raya Minna, tun da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, wadda ta kai Kano a 1911. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda Bagware zai bar wa ɗan kasuwa ƙwaryar doya bashi, ba takarda ba sa hannu, sai an sayar a dawo masa da kuɗinsa cif. Wanda ya ci amana sau ɗaya, ya rufe wa kansa kasuwa. Yau ku shiga Kasuwar Kure ko Kasuwar Gwari, wani mudun an buga gindinsa, wani buhun sama tsaba, ƙasa tsakuwa. Mai yin haka kuma "mai wayo" muke ce masa.

A siyasa, ba ma cewa mutanen da waliyyai ne. An yi maguɗi a 1983, an daure 'yan NEPU saboda ra'ayinsu. Amma a lokacin talaka yana shan ɗauri don aƙida. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983 bai bar dukiyar a zo a gani ba, sai suna. Ɗan garin nan, Janar Abdulsalami Abubakar, ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayu, 1999, bai cika shekara a kan kujera ba. Mu kuwa yau muna sayar da shekara huɗu a kan taliya da turmin atamfa, sannan mu dawo muna kukan hanya da asibiti.

Majami'a fa? Waɗanda suka kawo bishara ƙasar nan sun zo da makaranta da magani, suka rungumi kutare da kowa ke gudu. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, kakanninmu suka koyi karatu don su karanta da idonsu. Mai bishara yana taka keke ƙauye ƙauye, yana noma abincinsa. Yau wa'azin tuba ya ragu, na arziki ya ƙaru. Mai babban baiko shi ke kujerar gaba, ba mai tambayar inda ya samo. Gwauruwar da ba ta da kuɗin makarantar 'ya'yanta tana baya, ba wanda ya san sunanta.

Abin lura, mutum ɗaya ne a wuraren nan uku. Mai tauye mudu ran Asabar shi ne dattijon ikkilisiya ran Lahadi, shi ne kuma mai rabon kuɗi ran zaɓe. 'Ya'yanmu suna kallo, kuma abin da babba ya yi shi yaro ke ɗauka.

Don haka gyara daga gida zai fara. Mu cika mudu ko da riba ta ragu. Ɗan takara ya zo, mu tambaye shi aikin da ya yi, kada mu miƙa hannu. Shugabannin ikkilisiya su riƙa karanta lissafin baiko a gaban jama'a, a fitar da rabon marayu da gwauraye tun farko. Maƙwabtanmu Musulmi ma wannan kukan suke yi, kasuwarmu ɗaya, rumfar zaɓenmu ɗaya.

Allah ya ba mu ikon gyarawa. Amin.

Sakatare, a madadin ƙungiya